Karatu kyauta a intanet: me ɗalibin Nijar zai iya ɗauka, wa kuma zai rubuta na Hausa?

Da zarar jarrabawar BEPC da ta BAC sun gabato, wayoyin ɗalibai a Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai sukan cika da takardu. Wannan ya turo tambayoyin bara ta WhatsApp, wancan ya ɗauki hoton kayen abokinsa shafi bayan shafi, wani kuma ya samo littafin lissafi sukutum a PDF, ya raba wa ƴan fada ta Xender ba tare da an ƙona ko mega guda ba. Mai shagon fotokopi da ke bakin makaranta shi ma kasuwarsa ta buɗe. A haka ɗalibai da dama ke karatu, don littafi na da tsada, ɗakunan karatu kuma ba su wadata ba.

Mafi yawan waɗannan takardu suna yawo ne ba da sanin masu su ba. Wasu sun tsufa, wasu babu shafukan ƙarshe, wasu an tsara su ne kan manhajar wata ƙasa. Alhali kuwa akwai dubban littattafai da darussa waɗanda masu su suka sake da gangan, suka rubuta a jikinsu cewa kowa na iya kwafa, ya fassara, ya gyara, ya raba. Su ne buɗaɗɗun kayan karatu, waɗanda masu Faransanci ke taƙaitawa da REL, masu Ingilishi kuma da OER. Sama da shekara 20 ke nan da fara wannan tafiya, kuma tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, maganar ta shafi Nijar kai tsaye.

Daga ina abin ya taso

A watan Afrilun 2001, jami'ar MIT ta Amurka, wadda kuɗin karatunta na shekara guda ya kai dubban daloli, ta sanar cewa za ta ɗora kayan darussanta a intanet kowa ya ɗauka. Shirin, mai suna OpenCourseWare, ya fara aiki a 2002, yau kuma yana ɗauke da kayan darussa sama da 2,000: tsarin kwas, bayanan malami, tambayoyin jarrabawa, wasu har da bidiyon lacca. A shekarar 2002 ɗin ce kuma hukumar UNESCO ta kira wani taro a birnin Paris, inda aka raɗa wa irin waɗannan kaya sunan da ake kiran su da shi har yanzu.

Daga nan aka yi ta taruka. An fitar da sanarwar Paris a 2012, aka sake haɗuwa a Ljubljana ta ƙasar Sloveniya a 2017. A watan Nuwamban 2019 ƙasashen da ke cikin UNESCO suka amince da wata shawara ta bai ɗaya, wadda ke kiran gwamnatoci da su saki kayan karatun da aka samar da kuɗin jama'a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, su kuma kula da harsunan gida. Taro na uku, wanda aka yi a Dubai a Nuwamban 2024, ya fi mai da hankali kan yadda fasahar ƙirƙirarriyar basira ta AI ke shiga harkar.

Kyauta daban, buɗaɗɗe daban

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Bidiyon darasi a YouTube kyauta ne a kalla, amma galibi mai shi bai ba kowa izinin sauke shi ya sa masa muryar Hausa ya sake yaɗawa ba. Littafin da aka ɗauki hotonsa aka watsa a WhatsApp ya zo hannun ɗalibi ba ko dala, amma hakkinsa na nan wurin kamfanin da ya buga shi. Misali, littattafan lissafi na CIAM da aka daɗe ana amfani da su a makarantun ƙasashen Afirka masu Faransanci mallakin mawallafinsu ne, malami ba shi da hurumin fassara su ya buga da kansa.

Abin da ke mai da abu buɗaɗɗe shi ne lasisinsa. Ƙungiyar Creative Commons, wadda aka kafa a Amurka a 2001, ta fitar da lasisinta na farko a ƙarshen 2002, kuma alamominsu ne ake gani a shafin farko ko na ƙarshe na irin waɗannan littattafai. Haruffan BY na nufin a yi amfani da aikin amma a ambaci sunan mai shi. SA na nufin duk wanda ya gyara ko ya fassara, shi ma ya saki nasa da irin wannan lasisi. NC na hana yin kasuwanci da shi. ND kuwa na hana yaɗa aikin idan an sauya shi, kuma fassara na cikin sauyi. Saboda haka wanda ke son mai da littafi Hausa, wannan alama ta ƙarshe ce ya kamata ya fara dubawa.

Wani malamin jami'a ɗan Amurka, David Wiley, ya taƙaita haƙƙoƙin da buɗaɗɗen lasisi ke bayarwa zuwa biyar: mutum ya ajiye kwafinsa, ya yi amfani da shi, ya gyara shi, ya gauraya shi da wani, ya kuma raba wa wasu.

Na farkon, wato ajiye kwafi, ya fi yadda ake zato muhimmanci. A 2012 ne manyan dandalin darussa irin su Coursera da edX suka fito da alkawarin kai karatun manyan jami'o'i ga kowa. Sannu a hankali aka koma cewa kallo kyauta ne, takardar shaida kuma sai an biya. A 2021 jami'o'in Harvard da MIT suka sayar da edX ga kamfanin 2U kan dala miliyan 800, a 2024 kuma kamfanin ya garzaya kotu neman kariya saboda bashi. A farkon Fabrairun 2025, shafin hukumar USAID ta Amurka ya ɗauke daga intanet, kafin daga baya a rufe hukumar. Ita ce ta ɗauki nauyin littattafan koyon karatu da Hausa na "Mu Karanta!" a makarantun firamare na jihohin Bauchi da Sakkwato a Najeriya. Duk abin da ke zaune a shafin wani kaɗai, ranar da mai shafin ya rufe ƙofa ya tafi ke nan. Wanda ya sauke kwafi, lasisi kuma ya ba shi izinin rabawa, nasa na hannunsa.

Abin da ake iya samu yau

Ga ɗalibin sakandare mai karatu da Faransanci, akwai abubuwa da dama. Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a 2008, tana da darussan lissafi da kimiyya cikin gajerun bidiyo tare da atisaye, kuma ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta fara mai da su Faransanci tun 2013. Sésamath ƙungiya ce ta malaman lissafi a Faransa da suka haɗa kai tun 2001 suna rubuta littattafai suna sakin su kyauta. PhET, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a fannin fiziks, ya kafa a jami'ar Colorado a 2002, yana ba ɗalibi damar yin gwajin kimiyya a fuskar waya ko kwamfuta: ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila ya ga yadda lantarki ke gudana, ko ya gauraya sinadarai ya ga sakamako. Ga makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ana kuma iya sauke shi a yi aiki da shi ba intanet.

Ga ɗaliban jami'o'in Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maradi, André Salifou a Damagaram da Djibo Hamani a Tawa, akwai dandalin FUN da gwamnatin Faransa ta buɗe a 2013, mai ɗauke da darussan jami'o'i da Faransanci. Mai jin Ingilishi kuma yana da OpenStax na jami'ar Rice da ke Texas, wanda tun 2012 yake fitar da cikakkun littattafan shekarar farko ta jami'a a fiziks, ilimin halittu, tattalin arziki, ƙididdiga da sauransu, waɗanda malamai suka rubuta wasu malaman suka tantance. Ƴan Nijar da ke zaune a Kano ko Katsina ko Legas sun san jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, NOUN, wadda ke ɗora littattafan kwasa-kwasanta a PDF kowa ya sauke, ko da ba ɗalibinta ba ne.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a sani. Na farko, yawancin waɗannan kaya an tsara su ne kan manhajar wata ƙasa. Lissafi dai lissafi ne, amma jerin darussa da salon tambaya sun bambanta, don haka mai shirin BAC na Nijar sai ya riƙe manhajar ajinsa a hannu guda, ya nemi abin da ya dace da ita. Na biyu, MIT ba ta ba wanda ya karanta OpenCourseWare digiri. Ilimin na nan, amma takardar da ma'aikata ke nema sai ta hanyar rajista da jarrabawa. Duk wanda ya zo da tallar "digirin Amurka kyauta cikin wata uku" yana neman a tura masa kuɗin rajista ta waya, a yi hattara da shi.

Mega da wuta

Ko da littafi kyauta ne, hanyar zuwa wurinsa ba kyauta ba ce. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, akasarinsu a birane. Masu amfani da intanet ba su kai kashi ɗaya bisa uku na jama'a ba. Bidiyon awa guda na iya cinye forfen da ɗalibi ya saya don ya kai shi kwanaki. Mazauna Yamai da Maradi da Damagaram ba su manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turowa saboda takunkumin CEDEAO, cajin waya kansa ya zama aiki. Shigowar Starlink a 2025 ta buɗe wata ƙofa ga wuraren da layin waya bai kai ba, amma kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin ɗalibi shi kaɗai.

Wannan ne ya sa wani reshe na harkar ya mai da hankali kan karatu ba tare da intanet ba. Fitaccen misali shi ne Kiwix, manhajar da Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka ƙirƙiro a 2007, na biyun kuma ya daɗe yana aiki a Mali, inda ya ga matsalar da idonsa. Kiwix na dunƙule Wikipedia baki ɗaya, ko wani sashe nata kamar likitanci ko lissafi, cikin fayil guda. A sauke shi sau ɗaya a inda ake da intanet, a zuba a katin memori, daga nan ana iya bincike a ciki ko a ƙauyen da babu sabis. Akwai na Faransanci, akwai na Hausa, akwai wanda aka cire wa hotuna don ya rage nauyi. A 2012 shirin Afripédia ya kai irin wannan tsari jami'o'in ƙasashen Afirka masu Faransanci, ciki har da Nijar.

Akwai kuma Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality, wadda ake sakawa a kwamfuta guda ko a ƴar ƙaramar na'urar Raspberry Pi da ba ta fi tafin hannu ba. Na'urar na watsa wifi a cikin aji, wayoyi da allunan ɗalibai su shiga su ga bidiyo, su yi atisaye, malami kuma yana ganin inda kowa ya tsaya. Ƙaramin faifan hasken rana da batir sun isa su riƙe ta. Abin da ya ba da damar duk wannan shi ne lasisin nan: da kayan ba buɗaɗɗu ba ne, kwafe su a zuba cikin akwati a kai ƙauye zai zama satar fasaha.

An ga amfanin irin wannan tanadi a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantun Nijar daga Maris zuwa farkon Yuni, da kuma 2024 da ambaliya ta tilasta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A irin waɗannan lokuta, yaron da ke da darasi a waya ko a takarda a gida ne kawai ke ci gaba.

Ina na Hausa?

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Koyarwa da harsunan gida ba sabon abu ba ne a Nijar. Tun 1973 aka buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harshen uwa, farawa daga Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba tsarin gindin zama. Abin da ya daɗe yana ci wa tsarin tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin abin karantawa. Yaro ya koyi haɗa baƙi da wasali da Hausa, ya gama littafin aji, sannan ya rasa na gaba.

A matakin ƙananan yara an samu ci gaba. African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, yana da littattafan labarai masu zane cikin harsunan Afirka da dama, har da Hausa. StoryWeaver na kamfanin Pratham Books a Indiya, wanda ya fara a 2015, shi ma haka. A dukansu biyun, malami ko uwa ko wani matashi mai waya na iya ɗaukar labarin da aka rubuta a Kenya ko Indiya, ya mai da rubutun Hausa, zanen na nan yadda yake, ya buga a takarda ya ninke ya zama littafi. Manhajar Bloom ta ƙungiyar SIL ma an yi ta ne don mai ƙaramin sani da kwamfuta ya iya haɗa littafi da harshensa. Wikipedia ta Hausa kuwa ta haura maƙaloli dubu goma-goma, kuma ƴan sa-kai ne suka rubuta su, mafi yawansu daga arewacin Najeriya.

Da an hau sama, sai hanya ta tsuke. Littafin fiziks ko na sinadarai ko na lissafin sakandare da Hausa, wanda ya bi manhajar Nijar, kuma aka sake shi kowa ya kwafa, abu ne mai wuyar samu. Ko abin da aka rubuta a Najeriya sai an yi masa gyara kafin ya zauna daidai a ajin Madarunfa ko Mirriya. Ƙa'idar rubutu ta bambanta kaɗan: Nijar na rubuta ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y. Kalmomin aro sun fi bambanta, don can daga Ingilishi aka ɗauko, nan daga Faransanci. Kuɗin da ke cikin tambayar lissafi naira ne can, nan sefa, mai lissafin dala da jika. Littafin da lasisinsa ya yarda a gyara, malamin Tasawa na iya sauya waɗannan cikin ƴan kwanaki. Wanda ke kulle kuwa sai a jira mawallafi, in ya ga akwai riba.

Wasu na ganin na'urar fassara za ta cike giɓin. Google Translate na da Hausa tun 2013, manhajojin AI na yanzu kuma suna iya rubuta sakin layi da Hausa cikin daƙiƙa. Amma duk wanda ya gwada su da darasin kimiyya ya san sukan ƙirƙiro kalmar da ba a taɓa ji ba, ko su juya ma'ana, su kuma faɗe ta da cikakken tabbaci. Suna iya rage wa mai fassara wahalar daftarin farko, amma sai malamin da ya san darasin ya kuma san harshen ya bi layi-layi. Kuma su kansu waɗannan na'urori daga rubutun da ke akwai suke koyo. Muddin rubutun kimiyya da Hausa ya yi ƙaranci, haka za su ci gaba da tuntuɓe.

Darasi daga Afirka ta Kudu

Akwai ƙasar Afirka da ta gwada wata hanya. A 2002 wasu ɗaliban jami'ar Cape Town, ƙarƙashin jagorancin Mark Horner, suka fara tara ƴan sa-kai don rubuta littattafan lissafi da kimiyya na sakandare kyauta, bayan sun ga ɗaliban da ba su da littafi ko guda. Aikin ne ya zama Siyavula. Daga baya ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta karɓi littattafan, ta buga miliyoyin kwafi ta raba wa makarantun gwamnati. Tun da babu kuɗin hakkin mallaka, takarda da bugu da sufuri kawai aka biya. Siyavula ta kuma tsara wasu littattafan kan manhajar Najeriya.

Nijar na da cibiyar INDRAP mai tsara littattafan makaranta, tana da malaman harsuna a jami'o'inta, tana da mawallafa irin su Gashingo da suka daɗe suna buga littattafai da harsunan ƙasa. Matakin da shawarar UNESCO ta 2019 ke nunawa shi ne, littafin da aka riga aka biya kuɗin rubuta shi daga baitulmali ko daga tallafi, a sake shi a PDF da buɗaɗɗen lasisi, yadda makarantar da rabonta bai iso ba za ta iya bugawa da kanta, mai Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci kuma ya mai da shi harshensa. Mawallafa masu zaman kansu na da damuwa ta gaskiya a nan, domin in komai ya zama kyauta, marubuci da mai zane da mai tace rubutu da me za su ci? Amsar da ƙasashen da suka gwada suka samu ita ce a biya su cikakken ladan aikinsu tun farko, sannan a bar kamfanoni su yi gasa wajen bugu da rarrabawa.

Abin da mai waya zai iya yi

Ba komai ne ke jiran gwamnati ba. Ɗalibin da ya samu wifi na awa guda na iya sauke Kiwix da fayil ɗin fannin da yake karantawa, ya raba wa ajinsu gaba ɗaya. Malamin da ya shekara goma yana rubuta darussansa da gyararrun tambayoyin jarrabawa na iya buga su a kwamfuta, ya sa sunansa, ya rubuta CC BY-SA a ƙasa, don su yi yawo da sunansa maimakon su yi yawo ba uba. Mai jin Hausa da Faransanci na iya fassara labarin yara guda a African Storybook cikin yamma ɗaya, ko ya rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa kan garinsu, kan Sarauniya Mangu, ko kan noman albasar Galmi.

Ƴan Nijar mazauna Abijan, Akara, Aljeriya, Saudiyya ko Turai, waɗanda ke da intanet mai ƙarfi, su ne suka fi kowa saukin wannan aiki. Da yawansu na aiko da kuɗin makarantar ƙanne duk shekara. Katin memori da aka cika da Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa, da gwaje-gwajen PhET, da littattafan Sésamath, da labaran yara, bai kai nauyin ƙwayar goro ba, kuma duk mai zuwa gida na iya riƙo shi. Ƙungiyar ƴan gari ɗaya da ke waje kuwa na iya haɗa kuɗi ta saya wa makarantar garinsu na'ura mai Kolibri da faifan hasken rana, muddin an fara samun malamin da ya yarda zai kula da ita, aka kuma koya masa yadda ake sabunta abin da ke ciki.